Soso: kada mu tuge shi don furensa ya zube

A rangadin da muke yi na azuzuwan yaƙi da jahilci mun sha jin kuka ɗaya daga bakin mata. Sun shibka soso, ya haye darni, ya yi fure, amma furen sai zubewa yake yi. Wasu har sun tuge shi, wai namiji ne. Wannan hasara ce: an rasa inuwa, an rasa soson wanka da na sayarwa.

Fure iri biyu

Kowane tushen soso yana fid da fure ruwan ɗorawa iri biyu. Namiji ne ke farawa. Yana buɗewa da safe, ya yini, ya faɗi. Haka halittarsa take. Mace tana zuwa daga baya. Alamarta ɗan ƙaramin soso kamar yatsa a bayan furen.

Ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin namiji ya kai wa mace. Saboda haka kada mu fesa maganin ƙwari lokacin da fure yake buɗe. In zuma ba ta zuwa, mu tsinki namiji da safe, mu shafa tsakiyarsa a tsakiyar mace.

Yadda za mu shibka

In damana ta zauna, mu jiƙa iri kwana 1. Mu zuba ruɓaɓɓen taki a rami, mu sa ƙwaya 2 ko 3, zurfin gaɓar yatsa. Mu bar metir 1 tsakanin rami da rami. Yana tsirowa cikin mako 1 ko 2.

Yaɗonsa yana iya kai metir 9. Darnin kara ba ya ɗaukar nauyinsa, kuma ɗan da ya kwanta ƙasa ruɓewa yake yi. Mu kafa masa rumfa mai ƙwari. Yana buƙatar wata 4 zuwa 5 kafin ya nuna, damanarmu kuwa gajeruwa ce. In ruwa ya ɗauke, mu ci gaba da ban ruwa. In ɓawo ya bushe, iri yana kaɗawa a ciki, ya isa cira.

Lafiyarmu

Kowa ya riƙe sosonsa, don makero yana bin soson tarayya. Bayan wanka mu ɗauraye shi, mu shanya a rana.

Bana, in fure ya zube, mu yi haƙuri: mace na nan tafe. Allah ya ba mu damana mai albarka.