Tara, Rasit da Kundin Kotu: Yadda Ake Bin Sawun Laifin Hanya a Isa da Sabon Birni

Ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni suna gabashin Jihar Sakkwato, a tsohuwar ƙasar Gobir wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar daga arewa da kuma Shinkafi ta Jihar Zamfara daga kudu, kuma rayuwar mutanensu ta dogara ƙwarai a kan hanyar mota, domin ta nan ake fitar da gero da albasa da dabbobi zuwa kasuwanni, ta nan kuma ake kai marar lafiya Sakkwato idan abin ya fi ƙarfin asibitin gida. Direban da ya taso daga Sabon Birni ya bi ta Isa zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ɗan kabu-kabun da ke jigila tsakanin ƙauyuka, yakan ci karo da masu kaki iri-iri kafin ya isa, kuma mafi yawan abin da ke shiga tsakaninsa da su yakan ƙare ne a bakin titi ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba. Wannan rashin rubutu shi ne tushen matsalar, domin laifin hanya abu ne da doka ta tsara masa takarda tun daga tsayar da mota har zuwa yanke hukunci.

Ba kowane mai kaki ne doka ta ɗora wa aikin hanya ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda direbobi ke kiran jami'anta 'yan rodi sefti, an kafa ta ne a shekarar 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma a yau tana aiki ne da dokar da aka yi mata a 2007 tare da ƙa'idojin zirga-zirga na 2012. Shiyyarta da ta haɗa Sakkwato da Kebbi da Zamfara tana da hedikwata a birnin Sakkwato. Jami'an duba lafiyar mota, waɗanda aka fi sani da bi'ayo, ma'aikatan jiha ne, 'yan sanda kuwa suna cikin masu binciken haɗari da gurfanar da wanda ake zargi. Kwastan da jami'an shige da fice da sojojin da ke shingayen kan iyaka aikinsu ya shafi kaya da mutane da tsaro, ba cin tarar wanda bai ɗaura bel ba. Iyakar ikon ma'aikatan hanya kanta abu ce da kotuna ke dubawa, kamar yadda Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke a watan Oktoba na 2024 cewa bi'ayon birnin tarayya ba su da hurumin ƙwace mota ko ɗora wa direba tara.

Idan ɗan rodi sefti ya kama direba da laifi, abin da doka ta tanada shi ne ya rubuta masa takardar sanarwar laifi, wadda ke ɗauke da lambarta ta musamman, da lambar mota, da irin laifin, da wuri da lokaci. Jadawalin dokar 2007 ya ƙayyade kuɗin kowane laifi: rashin ɗaura bel ko hawan babur ba hular kwano naira 2,000, gudun wuce sa'a naira 3,000, amsa waya ana tuƙi naira 4,000, tuƙi ba lasin ko lodin da ya wuce kima naira 10,000, tuƙin ganganci kuwa naira 50,000. Yunƙurin ba jami'i na goro shi ma laifi ne mai tarar naira 10,000, abin da yawancin masu miƙa hannu ta taga ba su taɓa ji ba. Abin lura a nan shi ne takardar zargi ce kawai, ba hukunci ba, saboda haka wanda aka ba ita yana da zaɓi biyu, ko dai ya amince ya biya, ko kuma ya ƙi amincewa a kai shi gaban alƙali. Wanda ya zaɓi biya ba hannun jami'i zai sa kuɗin ba, domin tun da aka tilasta amfani da asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015 ana biya ne ta banki ko ta manhajar Remita, a karɓi rasit mai lamba, sannan a kai shi ofis a karɓo takardu ko motar da aka riƙe. Jinkiri yana da tsada, tun da dokar ta sa kuɗin ajiya na kowace rana a kan motar da ke tsare, ta kuma ba hukumar damar neman izinin Babbar Kotu ta yi gwanjon wadda ta shafe wata shida ba a zo nemanta ba.

Tsarin nan an gina shi ne a kan zaton akwai banki kusa kuma akwai sabis na waya, alhali mutanen wannan yanki sun ga lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Direban da zai rasa lodin yini guda kafin ya biya tarar naira 2,000 ba abin mamaki ba ne idan ya ga sasantawa a bakin titi ta fi masa sauƙi, ko da yake sauƙin na ranar ne kawai.

Wanda ya zaɓi kotu yakan tsaya ne gaban majistare, ko dai a zauren kotun ko kuma a kotun tafi-da-gidanka, wato zaman da alƙali ke yi a gefen hanya ko a harabar wani ofishi domin yanke ƙananan laifuka nan take, kuma Babban Jojin jiha ne doka ta ba ikon kafa irinta. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ana ɗaukar wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, yana da ikon kare kansa ko ɗaukar lauya, kuma dole a ba shi tafinta kyauta idan bai ji harshen da ake shari'ar da shi ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga Bagobirin da aka karanta wa tuhuma da Turanci. Amsa laifi a gaban alƙali hukunci ne da ake rubutawa da sunan mutum, don haka bai kamata a furta shi don gaggawar komawa tasha ba.

A nan ne maganar kundi ta shigo. Kowace shari'a tana da lambar ƙara, wadda ke nuna kotun da shekarar da aka shigar da ita, kuma a ofishin rajistara, wato magatakardan kotu mai tsaron takardunta, ake ajiye babban littafin da ake jera ƙararraki da fayil ɗin kowace ɗaya. Shari'ar da 'yan sanda suka kawo takan fara da rahoton farko, takardar da ke bayyana abin da ake zargin mutum da shi, sai bayanin zaman kotu da alƙali ya rubuta, sai hukunci, sai rasit ɗin tara. Neman irin wannan bayani a ƙananan kotuna aikin ƙafa ne: mai nema zai je kotun da ta yi shari'ar, ya rubuta takardar buƙata zuwa ga rajistara, ya ambaci lambar ƙara da sunan wanda aka tuhuma da ranar hukunci, ya biya kuɗin da aka ƙayyade a ba shi rasit. Idan lambar ta ɓace, suna da wata da shekara kan isa a bi littafin layi-layi, sai dai saɓanin rubutun suna, kamar Muhammadu a lasin da Mamman a takardar 'yan sanda, kan jawo wahala mai yawa. Hukuncin kotun tafi-da-gidanka kuwa ana bin sawunsa ne ta sunan majistaren da ya zauna da ranar zaman, don haka ya kamata a tambayi waɗannan biyu kafin a watse. Wannan nema ba roƙon alfarma ba ne, domin ƙaramin sashe na 7 na wancan sashe na 36 ya wajabta wa kotu ta ajiye bayanin shari'a, ya kuma ba wanda aka tuhuma, ko wakilinsa, ikon samun kwafin hukunci cikin kwana bakwai da kammalawa. Kwafin da ke da ƙarfi a idon doka shi ne tabbatacce, wanda Dokar Shaida ta 2011 ta ce sai jami'in da ke riƙe da asalin ya rubuta a ƙarshensa cewa daidai yake, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa. Hoton da aka ɗauka da waya ba ya tsayawa a madadinsa.

Amfanin wannan takarda yana bayyana ne daga baya. Tsarin Mulki ya hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da aka riga aka hukunta shi ko aka wanke shi, amma wajibi ne shi ya nuna hakan ta faru. Ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha tana da wa'adi, galibi kwana 30, kuma a kan rubutaccen bayanin ake gina ta. Mai motar da ya ba direba ita bisa balas, da shugabannin yuniyon na tasha da ke tsaya wa 'ya'yansu beli, dukansu da wannan takarda suke sanin abin da ya gudana a zahiri. Haka ma kamfanin inshora, wanda tun 1 ga Janairu 2023 yake karɓar naira 15,000 a shekara a kan ƙaramar motar gida domin biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, ba ya fitar da kuɗi sai ya ga takardun da suka tabbatar da abin da ya faru.

Al'amarin ya fi nauyi idan an yi rauni ko an rasa rai. A ƙasar Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa, dangi da hakimi da limami da dattawan tasha sukan shiga tsakani, sau da yawa iyalan mamaci su ce sun yafe sun bar wa Allah. Fiƙihun Malikiyya ya tanadi diyya a kisan kuskure, raƙuma 100 ko dinari 1,000, a wuyan dangin wanda ya yi kuskuren, kuma magada ne ke da ikon karɓa ko yafewa, sai dai rabon maraya ƙarami ba abin da wani zai yafe da fatar baki ba ne. Yafiyar iyali kuma ba ta rufe fayil ɗin hukuma da kanta, domin tuhumar tuƙin ganganci tsakanin direba ne da gwamnati, saboda haka sulhun da aka ƙulla a zaure yana buƙatar a rubuta shi da shaidu a kai gaban kotu ta shigar da shi cikin kundinta.

Ba za a yi wa direbobin yankin adalci ba idan aka manta da halin da suke tuƙi a ciki. Bayan ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021, da kuma sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato a 2024, wanda ya rasu a hannun maharan, gudu a wasu dazuzzuka ya zama dabarar tsira, ƙarancin motocin da ke yarda su bi hanyar kuma ya sa ana cusa fasinja fiye da kima. Majistare yana da ikon sauraren irin wannan uzuri kafin ya yanka tara, kuma abin da direba ya faɗa yana shiga rubutu, jami'in da ke bakin titi kuwa jadawali kawai yake riƙe da shi.