Aman da ke tafiya yana dawowa ga yara

Akwai wani ciwo da ke sa yaro ya yi ta amai ba ƙaƙƙautawa na sa'o'i ko kwanaki, ya warke sarai, bayan makonni kuma ya dawo da irin salon farko, sau da yawa da asuba. Likita Samuel Gee ya bayyana shi a Ingila a 1882. Yawanci yana farawa tsakanin shekara 3 zuwa 7, kuma yana da dangantaka da ciwon kai na ɓari guda. Rashin barci, yunwa, mura, ko zumuɗin salla da biki kan tayar da shi.

A Tasawa da Mayahi, amai da damina zazzaɓin cizon sauro ake fara zargi, da rani kuma sanƙarau, kuma hakan daidai ne. Sai gwaji ya kore waɗannan a yi tunanin wannan ciwo. Shi ya sa yana da amfani uwa ta riƙe lissafin ranakun da yake tashi.

Babban haɗarinsa ƙarewar ruwan jiki. Ana kwantar da yaro a ɗaki mai duhu, ba hayaniya, ana ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan idanu suka faɗa ko fitsari ya ɗauke, sai asibiti a yi ƙarin ruwa, da maganin tsayar da amai kamar ondansetron. In yana yawan dawowa, likita kan rubuta cyproheptadine ga ƙanana, amitriptyline ga waɗanda suka haura shekara 5. Yara da dama kan rabu da shi bayan balaga.