Hoton da ke Jikin Kwalbar Maganin Feshi, da Wa Yake Magana?

Duk wanda ya shiga kasuwar Sheme a Faskari, ko ta Ƙanƙara, ko ta Sabuwa da farkon damina, ya ga rumfunan maganin feshi. Ɗauki kwalba ɗaya ka duba gindinta. Akwai layi mai launi da ƙananan hotuna a jere: safar hannu, takalmin roba, mai wanke hannu, kabad da kwaɗo. Kwalba iri ɗaya ake kaiwa ƙasashe da yawa, shi ya sa hukumar FAO ta ba da shawarar a sa hoto, don wanda bai iya karatu ba.

To amma fa shi ma hoto karanta shi ake yi, kuma sai an koya. Launin nan ya bi matakan haɗari na hukumar WHO: ja ya fi kowanne, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ja kam a iya cewa jini ne. Shuɗi fa? Ni dai ban ga abin da zai sa manomi ya gane cewa ya fi kore haɗari ba, in ba a faɗa masa ba.

Sai batun jeri. Mai zanen ya ɗauka kowa daga hagu yake farawa. Mu kuwa da yawan iyayenmu allo suka yi, idonsu daga dama yake tashi, sai matakin ƙarshe ya zama na farko.

Wannan ba wasa ba ne. A 1971 Iraƙi ta shigo da irin alkama da aka shafa wa guba, an rina shi ja-ja, gargaɗin kuma da Turanci da Sifaniyanci, ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Mutanen ƙauye suka wanke launin suka yi burodi. Aka kwantar da sama da 6,000, mutum 459 suka rasu a asibiti. Irin masara mai jan magani ma yana shiga gidajenmu.

Awo ne ya fi damuna. Kwalba tana maganar mililita, manomi yana awo da murfi ko gwangwanin madara. A ganina a zana gwangwanin nan kusa da injin feshi na goyo, sannan kafin a buga a miƙa wa manoma zanen ba tare da bayani ba, a ce: “Baba, me ka gani a nan?” In amsoshin suka sha bamban, a koma a sake zane.