Namijin Tarwada Ba Ya Tatsuwa

Mai kiwon kifi a Kwanyawa, ko a wani ƙauyen da ke kusa da madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a Karaye a 1992, idan ya ce zai ƙyanƙyashe 'ya'yan tarwada da kansa, macen ba za ta ba shi wahala ba. Allurar Ovaprim ce, rabin mililita ga kowane kilo, bayan awa 10 zuwa 12 a matsa cikinta ƙwai ya zubo. Namijin ne matsala. Marainansa na can cikin ciki, ƙarƙashin hanji, ga wasu 'yan jakunkuna a bakin mafita da ke tare maniyyin. Matsa ba ta fitar da komai sai fitsari da jini.

Shi ya sa ake yanka shi, a ciro marainan. Masu fari kamar kindirmo su ne suka nuna. Masu garai-garai ba su da amfani. A goge jinin, a tsattsaga gefensu da sabuwar reza, a matse a busasshen kofi.

Busasshe na ce. Maniyyin kifi a kwance yake, sai ya taɓa ruwa yake motsawa, kuma motsin bai cika wuce minti ɗaya ba. Ɗigon ruwa daga jiƙaƙƙen hannu ya isa ya tashe shi tun ƙwai bai zo ba, ya mutu a banza, gobe a ɗora wa macen laifi. Mai son ajiye shi na ɗan lokaci sai ya gauraya shi da ruwan gishirin asibiti, mai giram 9 a lita, ya sa a wuri mai sanyi. Ruwan rijiya sai bayan an zuba maniyyin kan ƙwai an juya da gashin kaza.

Yankan ma asara ce, don mafi girma da lafiya ake zaɓa, shi ke nan an rasa shi. Akwai hanyar tiyata: a sa masa maganin barci, a yanko ɓangaren maraina, a ɗinke, bayan 'yan watanni a sake amfani da shi. Maniyyin ba ya raguwa a kyau, sai dai yawansa bai kai na yanka ba, kuma aikin na buƙatar gwanin hannu. Ga ƙaramin mai kiwo, a ganina ya fi sauƙi ya riƙa sayo maza 'yan shekara guda daga wata gona daban, kada ya yi ta haɗa wa da ƙanwa iri ya tsumbure.