Kafin ka sayi helikwafta mai rimot, duba inda za ka tashe shi

Ɗan'uwa, in ka tara 'yan kuɗinka kana shirin sayen ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, irin wanda ake tuƙawa da rimot, tsaya ka ji abin da ya same mu a Tofa tukuna.

Da ƙaramar Sallar bara ni da ƙanena muka haɗa kuɗi, shi na barka da Sallah, ni abin da na matse daga kuɗin abincin makaranta, muka sayo ɗaya a wani shago a cikin birni. A ɗakin Inna ya yi ta shawagi lafiya lau. Washegari da hantsi muka fita da shi fili, yara sun yi dafifi. Yana tashi ya daina jin rimot, iska ta kaɗa shi, ya bugi darbejiya ya faɗo. Farfela ta karye, har yau ba mu samu irinta ba. Kwana biyu ƙanen nan bai kula ni ba.

Laifin namu ne. Kyan kwali muka kalla, ba mu karanta abin da ke jikinsa ba.

Fara da rimot ɗin. In ka ga an rubuta IR, da haske yake aiki, irin na rimot ɗin talabijin, kuma ranar Kano tana dushe wannan hasken. Syma S107G, wanda masu koyo da yawa ke farawa da shi, irin wannan ne: na ɗaki ne kawai. In a waje kake son wasa, nemi mai 2.4GHz, shi da siginar rediyo yake aiki, rana ba ta dame shi ba.

Sai farfela. Mai farfela biyu a sama, ɗaya bisa ɗaya suna juyawa saɓanin juna, ya fi natsuwa, shi ya sa ya dace da ɗan koyo. Yawancinsu 3CH ne: sama da ƙasa, gaba da baya, sai juyawa. Matsalarsa, ba ya iya ja da iska ko kaɗan. Mai 4CH, kamar WLtoys V911, yana ƙara tafiya gefe da gefe, yana kuma jure 'yar iska, amma sai hannunka ya faɗa. Mai 6CH kuwa, wanda kake gani a TikTok yana tashi a kife, bar wa gwanaye. A minti ɗaya za ka ragargaza shi.

Batir ma abin dubawa ne. Ƙananan nan minti 5 zuwa 8 suke yi a sama, caji kuma ya kusa cin awa guda. Tunda wuta sai an ga dama, zaɓi mai caji da USB, wanda fawa bank ko sola za su iya cikawa. Kada ka bar batirin a rana, kada ka sa shi a caji da zafinsa, in ya kumbura kuma ka rabu da shi, don yana iya kamawa da wuta.

Tambayar da ba mu yi ba ita ce mafi muhimmanci: akwai kayan gyaransa? Jirgin farko sai ya faɗi, ba makawa. In mai shago ba shi da farfela da batir na canji, yi gaba.

Lokaci ma da nasa. Da damina, in ya faɗa cikin gero ko dawa, sai dai wani ya tsinta da kaka. Bayan girbi fili ya samu, amma ga iskar hunturu da ƙurar da ke shiga haƙoran injin. Fita da sassafe ko dab da magariba, ka tashe shi daga kan tabarma, kada ya wuce tsayin ƙugunka a kwanakin farko.

Ka kiyaye fa. Kada ka ratsa da shi saman katangar mutane, balle in yana da kyamara. Ka nisanci barikin sojoji na Janguza da filin jirgin Malam Aminu Kano. Tun 2016 hukumar NCAA ta hana tashin jirage marasa matuƙa ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba.

Kada kowa ya ce maka wasan yara ne. A 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Fizis ɗan shekara 24 a Jami'ar Bayero, ya haɗa helikwafta na gaske da injin Honda Civic da tarkacen motoci da babura. Bai wuce ƙafa 7 a sama ba, amma labarinsa ya zaga duniya.

Mu dai mun sake tari. Wannan karon ƙanena ne zai karanta kwalin.