Ampili ya yi shiru, biki ya watse: halin da makaɗan gita suke ciki a Tasawa da Mayahi

Da zarar an ɗaure gero an cika rumbuna, lokacin bukukuwan aure ya kama a ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Ita ce kakar makaɗa. Mai kalangu da mai gurmi ba su da wata fargaba, in ba ta fata da tsirkiya ba. Amma matasan da suka rungumi gitar lantarki, waɗanda ake kira ƴan orkes, abincinsu duka yana cikin akwati guda: ampili, wato na'urar da ke ƙara wa gita ƙarfin murya. In babu shi, wanda ke zaune dab da makaɗin ma da ƙyar zai ji sautin. Ranar da ampili ya mutu a tsakiyar biki, makaɗi zai mayar da kuɗin da ya karɓa, kuma labari zai riga shi isa ƙauyukan da ke gaba.

Gita ta daɗe da samun wurin zama a Nijar. Bikin matasa na ƙasa da aka soma a Damagaram a 1976, da gasar Ɗan Gurmu da aka buɗe a Tawa a 1987, sun ba ƴan orkes fili. A jihar Maraɗi har yau ana tunawa da marigayi Sa'adu Bori, wanda ya rasu a 2008. Sai dai kayan kiɗan ba don wannan ƙasa aka ƙera su ba. Fender da Peavey daga Amurka suke, Marshall daga Ingila, kuma yawancin waɗanda ke isowa nan sun riga sun sha aiki a hannun wani. Wanda bai samu irinsu ba sai ya yi maneji da ƙananan na Sin, ko ya ari Ahuja na Indiya, irin wanda ake sa wa lasifikar masallaci.

Babban abokin gaban ampili shi ne wutar da ke ciyar da shi. Wutar NIGELEC volt 220 ce, alhali na'urar da aka yi don kasuwar Amurka 120 take so. In aka jona ta kai tsaye ba tare da taransifo ba, ta gama yawo. Wutar gabashin jihar kuma daga Katsina take zuwa, ta layin da ya biyo Gazawa. Lokacin da Nijeriya ta katse ta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa farkon 2024, masu sana'a da dama sun koma ga ƙananan injinan wuta, waɗanda ake kira gurup. A ƙauyuka dama can su ne madogara. Shi kuwa gurup, wutarsa hawa da sauka take yi, musamman in mai ya kusa ƙarewa ko an cire masa wani kaya mai nauyi farat ɗaya.

Bayan wuta sai zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin akwatin da ke aiki. Masana lantarki sun ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar kwandansater, waɗannan ƴan gwangwanaye da ke tace wuta. In suka bushe, sai a ji ampili yana gurnani ko ba a taɓa gita ba. Ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallan ƙara murya, shi ya sa suke ƙarar-ƙarar in an murɗa su. Ga kuma tafiya: ampilin da aka ɗaure a bayan babur aka bi hanyar rairayi ta ƙasar Mayahi, girgiza kaɗai ta isa ta tsattsage dalmar da ke riƙe da wayoyinsa.

Ba wata rumfa da aka keɓe don gyaran ampilin gita. Mai gyaran rediyo da talabijin na bakin kasuwa shi ne likitan. Gwani a cikinsu ba ya gaggawa. Yakan fara da wayar gita da bakin jona ta, domin sau da yawa cutar ba ta wuce nan ba. Sannan ya duba fizibil, ya auna lasifika da miltimetir, kafin ya kai ga taranzisto. Kafin ya sa hannu ciki kuma sai ya zubar da wutar da ta kwanta a kwandansater, don tana nan ko an zare waya. A tsofaffin ampili masu kwalba takan kai volt 400 ko fiye, abin da ya isa ya kashe mutum.

Inda ake samun ɓarna shi ne gyaran gaggawa. Fizibil ya ƙone, sai a naɗa masa silin waya ko takardar kwalin taba. Alhali aikinsa ke nan, ya mutu don sauran su tsira. In aka hana shi, taransifo ne zai ƙone a madadinsa. Haka kuma tara lasifika barkatai: biyu masu om 8 in aka haɗa su gefe da gefe sun koma 4, huɗu sun koma 2, nauyin da yawancin ampili ba su iya ɗauka.

Kayan gyara ma wata wahala ce. Abin da babu a Tasawa sai Maraɗi, tafiyar kilomita fiye da 100. Abin da babu a Maraɗi sai kasuwar Sabon Gari ta Kano. Tun karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da ta yi asarar rabin ƙimarta, makaɗa suka koyi lallaɓa tsohon kaya maimakon sayen sabo. Yau kuma jabun taranzisto sun yawaita: lamba iri ɗaya da ta asali, amma ba su jure zafi. Araha ba ta ado.

Rigakafin bai da tsada. A tayar da gurup ya daidaita kafin a kunna ampili, a kashe ampili kafin a kashe gurup. A sa regilater tsakaninsu. A ɗora akwatin bisa benci cikin inuwa, a lulluɓe shi in an gama, kuma kada a kunna mai kwalba ba tare da lasifika ba. Mafi muhimmanci, a kai shi wurin mai gyara tun damina, lokacin da babu biki, a share shi, a sabunta dalma, a canja kwandansater da suka kumbura. Wanda ya jira sai jajibirin biki, duk abin da aka liƙa masa shi zai karɓa. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.