Guzuri da ladabin shiga garka a ƙasar Magariya da Dungas

In damina ta wuce, an kai hatsi rumbu, ƙasar Magariya da Dungas ba ta bushewa gaba ɗaya kamar sauran wurare. A kwarin Korama da fadamun Bande, Waca da Guci ruwa yana kusa, saboda haka sai ka tarad da rake da rogo da dankali da albasa kore shar, ga mangwaro da dabino da giginya suna ba da inuwa. Tun shekarar 1984, lokacin da fari ya sa gwamnatin Seyni Kunce ta kira jama'a zuwa noman rani, garake suka ƙara yawa. Wannan ni'ima tana jawo baƙi: samari ranar yawon salla, ƴan lakkal tare da malamansu, da ma'aikatan gwamnati masu rangadi da ke neman wurin hutawa da tsakar rana. Ziyarar abu ne mai kyau. Amma wajibi ne mai zuwa ya tuna cewa garka ba filin wasa ba ce, rumbu ne na biyu na wani magidanci.

Kafin mu shiga bayani, bari mu dubi wata ƙasa mai nisa wadda ta shahara wajen girmama lambu, wato Japan. A can akwai lambunan gargajiya da aka yi shekaru ɗaruruwa ana kula da su, kamar lambun duwatsu na Ryoanji a birnin Kyoto. A irin waɗannan wurare mutum yana bin hanyar da aka shata, ba ya tsinkar ganye, ba ya shimfiɗa tabarma ya buɗe abinci. Wanda ke son cin guzuri a waje sai ya nufi lambun da aka yarda da haka, kamar Shinjuku Gyoen a Tokyo, inda ake biyan kuɗin shiga kuma aka hana giya. Guzurin nasu mai sauƙi ne: curin shinkafa da suke kira onigiri, ko ɗan akushi da aka shirya daga gida. In sun gama, kowa ya ƙulle shararsa ya koma da ita gida. To, in ana yi wa lambun kallo wannan ladabi, garkar da ke ciyar da iyali ta fi cancanta da shi.

Ladabi na farko shi ne sallama. Kada a tsallake shinge, kada a ɓalle ƙaya don a gajarta hanya, domin ƙofar da mutum ya buɗe yau ita awaki za su bi gobe. A nemi mai garka, a gaishe shi da aiki, shi zai nuna inda za a zauna. A bi kan kunya, kada a taka fangali ko a toshe hanyar ruwa. Bakin rijiyar garka sau da yawa rairayi ne, yana iya zubewa, don haka a tsare yara.

Na biyu, a zo da guzuri. Wannan magana ta fi shafar ma'aikata. Mutumen karkara yana jin kunyar baƙo, balle baƙon da ya sauko daga motar gwamnati. Zai yanka kazarsa, ya sare rake, ya cika kwando da mangwaro, ya ce ba komi, alhali kuwa abin da zai kai kasuwa ne ya sayi hatsin bazara. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa jiƙa shuka take yi, ba ta karya ta. Ma'aikacin da ake biyansa kuɗin rangadi bai kamata ya ɗora cikinsa a kan talaka ba.

Guzuri mai ƙosarwa ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. A ɗauki curin fura a ƙwarya, a bari sai an isa a dama da nono, don damammiya tana saurin tsami cikin zafi. Dambu da zogale, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, suna jure tafiya. Garin rogo da ɗan mai da yaji da albasa yana isar mutum biyar a kwano ɗaya. Ga ƙosai, ga gyaɗa, ga dabino. Sauran, wato rake da dafaffen rogo da mangwaro, a saya wurin mai garka a biya shi nan take. A bakin garka an fi samun araha bisa ga kasuwa, kuma dalar da aka biya tana shiga hannun wanda ya yi ban ruwa.

Na uku, a kula da lafiya. A zo da ruwan sha a gora ko jarka, a wanke hannu kafin a ci, a wanke tumatur da salati. Kada a bar yara su yi wanka a tabki, domin a ruwan da ba ya gudu ake ɗaukar tsargiya.

Na huɗu, itace da wuta. Inuwar da aka fi samu da rani ta gawo ce, shi da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Tarihi ya nuna sarakunan Damagaram, musamman Tanimun a ƙarni na 19, sun tsananta hukunci kan saran gawo. Daga shekarun 1980 kuma manoman Magariya, Matamai da Mirya suka riƙa barin ƴan itatuwa su girma a gonakinsu, har labarin aikinsu ya kai ƙasashen duniya. Ba daidai ba ne baƙo ya sare reshe don dafa shayi. A zo da gawayi, a hura nesa da shinge da ciyawa, a kashe garwashin da ruwa kafin a tashi.

Na ƙarshe, shara. Ɓawon rake da na gyaɗa taki ne, a tara su wuri ɗaya. Leda kuwa ba ta ruɓewa, tana hana ruwa shiga ƙasa, in akuya ko tunkiya ta haɗiye ta sai ta rame har ta mutu. Tun shekarar 2014 Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda, amma doka ba ta iya tsince ta daga gindin mangwaro. Abin da aka zo da shi cike, a koma da shi wofi.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan bayani a azuzuwansu, shugabannin ma'aikatu kuma su tunatar da masu fita rangadi. Wanda ya yi sallama, ya ci nasa, ya sayi na mai garka, ya share wurin zamansa, in ya dawo baɗi za a tarbe shi da fara'a.